Daminar da Aka Ga Keken Hassana a Hannun Wata

Ku 'ya'yana da jikokina, na san maganar da ke yawo tsakaninku game da daminar da Innarku ta tafi Gummi ta bar ni a Anka. Wasu sun ce faɗa muka yi, wasu sun ce ni na kore ta, har ya zo kunnena wai na fifita keke a kan ran ɗiyata. Babu wanda ya taɓa zama gabana ya tambaye ni, ni kuma ban saba bin mutane ina yi musu bayani ba. Yanzu da ido ya yi rauni na bar rumfar gyaran keke, zan faɗi abin yadda ya faru, ɗaya bayan ɗaya. Kada wani ya tsallake ya fara karatu daga tsakiya.

Na farko shi ne Bagega. A can muke zaune lokacin da aka shiga niƙa dutsen zinare a cikin gidaje. Ni ban taɓa shiga rami ba, faci da gyaran birki nake yi wa masu haƙar, amma ƙurar ba ta tambayi sana'ar kowa ba. Ta shiga tsakar gidanmu, ta shiga tuwo, ta shiga ruwan rijiya. Hassana da Hussaina suna ƙanana a lokacin, ko makarantar allo ba su daɗe da farawa ba. Innarku ta haddace alamun gubar dalma tun kafin likitoci su zo su faɗa mana sunanta: yaro ya fara tangaɗi, baki ya saki, ido ya tsaya wuri ɗaya, sai amai, sai jijjiga. A kan cinyarta Hussaina ta bi waɗannan alamun har ƙarshensu. Hassana kuwa aka kai ta Anka wurin magani, Allah ya tashe ta. Ranar da za a sallame mu, wani likita ya gaya mini ta bakin tafinta cewa dalma ba ta fita duka, takan kwanta a ƙashi, kuma abin da zan riƙa lura da shi shi ne kan yarinyar, ko za ta fara rikita gaba da baya. Daga wannan rana na kafa doka. Kullum da yamma Hassana za ta durƙusa gabana ta ba ni labarin yininta a jere, na farko, na biyu, na uku, ba tsallake. Ku manya kun sha yi mata dariya a kan haka. Ba ku san awo nake yi ba.

Na biyu shi ne keken. Da muka dawo Anka da zama, Innarku ta ƙi yarda a sha ruwan kowace rijiya, sai na famfon da ke can bayan gari. Hassana ce ke ɗebowa a tsohon kekena, jarka a dama jarka a hagu, ƙafarta ba ta ko kai feda sosai. Ba ta yi tsawo ba, har yau ma ba ta yi ba, amma ban taɓa ganin wanda hawa ba ya karya wa gwiwa kamar ita ba. Da ta tafi sakandare a Gusau wata malamar wasanni ta gani, aka sa ta a gasar jiha, daga nan ta ƙasa, har wata ƙungiyar mata masu tseren keke a Turai ta neme ta. 'Yan uwana sun yi ta zuwa rumfa suna cewa kada in yarda. Na saurari kowa, sannan na kira ta na gindaya sharuɗɗa uku. Ɗaya, sutura: hannu har wuyan hannu, ƙafa har idon sawu, kai a rufe ƙarƙashin hular kwano. Biyu, salla. Uku, kalma guda da na riƙe a hannuna: duk ranar da na ga dalmar nan ta motsa na ce ta dawo, za ta dawo ba tambaya, kuma ba za ta sake hawa keken tsere ba. Ni kuma na yi mata alkawari ba zan faɗi kalmar ba sai don ciwon. Ta amsa a gaban Innarku. Ranar tafiya na yanko jar roba, irin wadda nake ɗaura wa duk keken da ya fita daga hannuna, na ce ta ɗaura a ƙarƙashin sirdinta.

Na uku shi ne daminar da kuke magana a kanta. Gero ya fara kunne lokacin da ta aiko mana da babbar waya, ta ce an sa ta a babban tseren shekara, wanda ake yi kwana da kwanaki, a fara da fili a ƙare da tsaunuka. Ta yi mini bayani cewa ba ita ake sa ran ta ci ba. A ƙungiyarsu akwai shugaba, wata doguwar Baturiya da sunanta ya gagare mu faɗa har muka sa mata Giginya, saura kuma duk aikinsu su kai ta gaba. Na ji bayanin, amma ban fahimci abin da yake nufi ba sai da na gani.

Bayan Azahar ake fara nunawa. Sabis ba ya kamawa sai kusa da rumbu, don haka muka kife turmi a wurin, muka jingina wayar da ƙwarya. Ni ina kan kujera, Innarku a tabarma, sai Ta-Gummi taubashiyata, wadda gidanta ke jikin namu, ba ta taɓa rasa zuwa ba kuma ba ta taɓa rasa abin faɗa ba. Masu bayanin tseren suna yi da yaren da ba Turancin da muke tsinta ba ne, babu wanda ke jin ko kalma. Hoto kawai muke karantawa. Gane Hassana bai yi wuya ba, don a cikin wannan taron ita kaɗai ce ƙafafunta a rufe. Kwanakin fili sun wuce lafiya. Ta-Gummi ta ce ita ba ta ga abin da ya biyo matan nan ba da suke wannan gudu, kuma in ni ne uban ɗaya daga cikinsu to lallai gado ne, don tun muna yara ba a taɓa kama ni a wurin aikin gayya ba.

Ranar da suka shiga tsauni dariya ta ragu. Hanyar tana nannaɗe da dutse kamar igiya a jikin rijiya, gefe guda bango, gefe guda rami wanda ba a ganin ƙasansa. Aka nuno Hassana kusa. Bakinta a buɗe, idonta a kafe kan tayar da ke gabanta, keken yana karkata dama da hagu. Na ji Innarku ta ja numfashi. Ba ta dube ni ba, ta fara lissafa alamun a hankali kamar mai jan carbi. Can kuma sai muka ga Hassana tana ja da baya, ana wuce ta ɗaya bayan ɗaya, har ta koma wajen motocin ƙungiyoyi da ke bin su a baya.

"Malam, ta hwara," in ji Innarku. "Haka Hussaina tay yi."

Ni ma abin da na gani ke nan. Lokacin La'asar ya yi, na kife wayar kamar yadda na saba, don ban yarda a jinkirta salla saboda kallo ba. Ban san abin da na karanta a wannan sallar ba. Da muka buɗe wayar sai ga Hassana tana kutsawa ta gefen taron, bayan rigarta ya kumbura da gorunan ruwa, tana miƙa wa abokan tafiyarta ɗaya ɗaya, na ƙarshe ta ba Giginya. Ta-Gummi ta tafa hannu ta ce ashe ga-ruwa muka tura Turai, da an faɗa mata da ta ba da aron jarkunanta. Innarku ba ta yi dariya ba. Da yamma Hassana ta kira, na sa ta ba da labarin yini, ta kawo shi a jere ba gargada. Innarku ta ce ita fuskar ta gani, ba jeri ba. Tun daga ranar ba ta sake cin abincin kirki ba.

Kafin in faɗi abin da ya biyo baya, dole ku tuna yadda garin nan yake a shekarun. Ku da kuka tashi a ciki kun sani, amma jikoki ba za su sani ba. A hanyar Bagega, da ta Bukkuyum, da duk hanyoyin da suka ratsa daji, idan mutum ya fita a kan mashin ko keke, aka ga abin hawan ya dawo gari a hannun wani, ba a tambaya. An san mai shi ko yana hannun mutanen daji ko yana kwance a gefen hanya. Rumfata ce wurin da ake kawo irin waɗannan kekunan, don ni ke gane na wane ne wannan. Sau da yawa ni ne na fara sanin gidan da za a shimfiɗa tabarmin makoki a ranar. Wannan ba camfi ba ne a wurinmu, abu ne da ido ya saba gani.

Ana saura tsauni biyu a gama, ruwa ya sauko musu a kan dutse. Hazo ya rufe hanya, hoton yana zuwa yana ɗaukewa. Sun haye ƙoli suka fara gangara, kuma duk wanda ya san keke ya san gangara kan jiƙaƙƙen titi ta fi hawa kisa, don birki ba ya cin jiƙaƙƙiyar taya yadda ya kamata. A wata kwana aka nuno mutane zube a ƙasa, kekuna a kan juna, sai hoton ya tsaya. Muka zauna muna kallon da'irar nan da ke juyawa a tsakiyar waya. Da ya dawo, Giginya ce ita kaɗai tana gudu, mai ɗaukar hoto yana bin ta a baya. Abu na farko da na lura da shi shi ne gwiwoyinta, suna tashi har kusan ƙirjinta. Sirdin ya yi mata ƙasa da yawa. Na biyu, lambar da ke jikin keken ba ita ce a bayan rigarta ba. Na uku, a ƙarƙashin sirdin, jar roba tana kaɗawa.

"Wanga keken Hassana na," na ce.

Ban ɗaga murya ba. Na faɗa ne kamar yadda nake faɗa a rumfa. Innarku ta matso ta dubi wayar sosai, ta ga robar, ta miƙe. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauko tsintsiya ta share tsakar gida tun daga bakin zaure har gindin rumbu, ta shiga ɗaki ta fito da tabarmi ta fara shimfiɗawa a inuwa. Na ce mata ta dakata, can ba nan ba ne, ba mu san yadda suke yi ba. Ta ce in ban sani ba me ya sa na faɗa. Maƙwabta da suka ji shara ba a lokacinta ba suka leƙo ta kan zana, suka ga tabarmi, kafin wani lokaci mata sun fara shigowa da mayafai suna zama shiru. Wata ta fara salati a hankali. Ni ina zaune gaban turmi ina neman ƙafafu rufaffu a cikin duk wanda aka nuno. Aka nuna Giginya ta ƙetare layi, aka nuna na bayanta, aka nuna ana ba wata furanni, sannan shirin ya ƙare aka sa tallar mota. Masu shirin ba sa nuna waɗanda suka rage can baya. Na kira lambar Hassana, tana shiga ba a ɗauka. Na sake kira. Na yi La'asar a makare a ranar, ban ɓoye muku ba, kuma da na idar na tarar maza sun fara taruwa a ƙofar gida ba wanda ya iya yi mini magana.

Rana ta yi ja sosai lokacin da wayar ta yi ƙara. Muryar Hassana ce. Na ji matan da ke tabarma sun saki numfashi gaba ɗaya, wata ta fashe da kukan da ta riƙe. Innarku ta zo ta tsaya a kaina, abin da ba ta taɓa yi ba a gaban mutane.

"Ka hwaɗa mata. Yau ka hwaɗa mata ta dawo."

Na ɗaga mata hannu, na ce wa Hassana ta ba ni yininta. Muryar tana rawa don sanyi, amma ta fara. Na farko, sun tashi da ruwa, ta ɗebo goruna sau biyu kafin babban hawa. Na biyu, a gangara wata ta zame a gabansu suka faɗi tare, ita ta kuje a gwiwar hannu da kwatangwalo, ba karaya. Na uku, keken Giginya ya karye, motarsu kuma tana can baya don hanyar ba ta da faɗin da za ta wuce, sai ta ɗaga nata ta ba ta, ta tura ta, don aikin da aka ɗauke ta ke nan. Na huɗu, ta tsaya cikin ruwa har mota ta iso aka ba ta wani keken, ta gangaro ita kaɗai, ta isa kafin a rufe lokaci, don wanda ya wuce lokacin cire shi ake yi. Na biyar, likitan ƙungiya ya wanke ciwon, wayarta kuma tana cikin jaka shi ya sa ba ta ɗauka ba. Na tambaye ta wane gefe ta faɗi, ta ce hagu. Na bari ta yi wata magana, na sake tambaya, ta ce hagu dai, Baba. Sannan ta ce gobe saura tsauni guda, wanda ya fi duka. Ta ji muryar Innarku, ta san abin da ake jira.

"Baba, da magana?"

Ga abin da na auna a wannan ɗan lokacin, kuma shi ne abin da nake so ku sani. Da na faɗa, da ta dawo, don Hassana ba ta taɓa tsallake maganata ba, kuma da ta zauna a gidan nan har abada tana kallon kekunan mutane a rumfata. Alkawarin da na yi kuwa na ciwo ne, ba na tsoro ba. Na auna kanta da ma'aunin da na yi shekaru ina aunawa, na same shi daidai. Tsoron da ke cikina bai gaza na Innarku ba, ni ma na ga ramin da ke gefen hanyar, kuma ban san ko za ta sauko gobe ba. Amma idan na karɓi kalma a hannun yarinya da sunan dalma na kashe ta a kan wani abu dabam, to daga ranar ba ni da kalmar da wani a gidan nan zai riƙe.

"Babu magana," na ce. "Ki duba birkin sabon keken da hannunki, kada ki bar musu. Ki ci abinci."

Da na ajiye wayar, matan suka fara naɗe tabarmi suna fita ba sallama mai ƙarfi. Ta-Gummi ce ta ƙarshe, ta tsaya a bakin zana ta ce mini Allah ya sa in ga daidai, kuma tun muna yara wannan ne karo na farko da ta yi mini magana ba zolaya a ciki. Innarku ta jira gidan ya watse.

"Guda ka ɗauka da hannunka ka kai rami," ta ce. "Ni ba ni zama in kalli ta biyu cikin waya."

Da safe ta ɗaure kayanta ta bi motar kasuwa zuwa Gummi, gidan yayanta. Ban kore ta ba, ban kuma hana ta ba. Na raka ta tasha na ga tashin motar, alhali na san hanyar da za ta bi da irin labarin da ke zuwa daga cikinta. Ranar na zauna gaban turmi ni kaɗai, ko Ta-Gummi ba ta leƙo ba, mutum biyu nawa suna kan hanya, ba wanda zan iya yi wa komai. Na ga Hassana da farin bandeji a hannu tana jan Giginya a farkon hawa, baki a buɗe, har ƙarfinta ya ƙare ta kauce aka wuce ta. Daga nan ba a sake nuna ta ba. Na yi La'asar a kan lokaci. Na zauna. Kusan Magariba ta kira ta ce ta gama, ta ba ni yinin a jere, ta ce jar robar ma an dawo mata da ita. Ba a daɗe ba wayar ta sake ƙara, lambar yayan Innarku ce, amma muryarta ce a ciki. Ba gaisuwa.

"Ta sabko?"

"Ta sabko."

Ta kashe. Da wannan kiran na san su biyun sun sauka lafiya.

Innarku ba ta dawo ba sai da aka yanke gero. Ba mu taɓa zama mun warware maganar ba, kuma ba na tsammanin za mu yi. Ba ta ce na yi daidai ba, ni ma ban nemi ta ce ba. Akwai abin da ya ragu a tsakaninmu tun daga ranar tabarmin nan wanda bai koma ba, kuma ku da kuke shiga gidan kun lura, shi ya sa kuke ƙirƙira masa dalilai. Dalilin ke nan na faɗa muku. Kalmar tana nan a hannuna har yau, Hassana ta sani, kuma ranar da ta rikita mini na biyu da na uku zan faɗe ta ko tana tsakiyar tsauni.

Har yanzu idan damina ta yi aka shiga duwatsu, ni ke zama gaban turmi. Innarku ba ta sake duban wayar ba. Takan ɗauki tsintar wake ta zauna a bayan zana inda ba ta ganin komai, amma ba ta shiga ɗaki, kuma ina jin hannunta yana tsayawa a cikin faifai duk lokacin da masu bayanin suka ɗaga murya. Sai rana ta yi ja, na ajiye wayar, sannan tambayar ta zo ta cikin zana, ni kuma in amsa.